Ƙarar Talibambam a Gindin Kuka

A wani daji mai yawan marke da ƙirya, wanda kogi ya ratsa ta gabas da shi, dabbobi suna da majalisa da take zama a gindin wata tsohuwar kuka. Ɓauna ne shugaba. Dila ne magatakarda, shi ke riƙe da dokoki a ka, shi kuma ke karce abin da aka zartar a jikin kukar da farcensa. Cikin abubuwan da aka karce akwai sunayen abokan gaban daji.

A zamanin kakanni suna ɗaya ne a wurin: Kada, wanda yake kwance a mashigin kogi yana ɗauke duk wanda ya yi sakaci wajen shan ruwa. Saboda shi aka ƙago Wasan Jarumta. Kowace damina samari sukan je mashigi su koyi gane kwanciyarsa, da shan ruwa ido a buɗe, da taruwa a kore shi. Wanda ya yi abin kirki a soka masa gashin zabo a ka. Sai dai wasan yana da aibi ɗaya: ba kowa ke dawowa ba, kuma Kada ba ya tambayar ɗan wane ne kafin ya kama. Shekarar da ya ɗauke 'ya'yan manya biyu a rana ɗaya, majalisa ta zauna ta ga ya kamata a raba wasan mataki-mataki, a fara da abokin gaba mai sauƙi kafin a kai ga mai wuya. Aka duba, aka duba, aka dace da talibambam, ɗan kwaɗon nan baƙi mai kai da wutsiya kawai, wanda bai fitar da ƙafa ba tukuna. Aka karce sunansa a matsayin mataki na farko. Mataki na biyu aka ce za a dawo kansa idan an shirya. Shekaru suka yi ta wucewa, ɓawon kuka ya toho ya rufe sunan Kada, ba wanda ya ga dalilin sake karce shi.

Tun daga nan wasan ya koma Tafkin Marke, inda kwaɗi ke zuba ƙwai. Ran wasa samari su jeru a bakin ruwa, a yi musu kirari, su afka ciki suna tattaka duk wani baƙin abu mai motsi. Zalɓe ne alƙalin wasa. Yana tsaye da dogayen ƙafafunsa yana lura da wanda ya fi ƙwazo, kuma in an tashi shi kaɗai yake tsayawa ya share filin. Bai taɓa neman a taya shi ba, majalisa kuwa takan yaba masa a kan haka.

A wata damina, cikin talibambam ɗin da aka ƙyanƙyashe a tafkin akwai wata mai suna Ladingo. Ran wasa tana cin gansakuka tare da 'yar'uwarta Tasalla a ƙarƙashin wani ganye, sai ruwa ya rikice. Kofato ya sauko tsakaninsu. Ruwan ya watsa Ladingo cikin wani ramin kaguwa, ta maƙale a ciki har hayaniya ta lafa. Da ta fito ba ta ga Tasalla ba. Ta ga dai Zalɓe yana share wurin, ta kuma ji ana kiran sunan Gando, ɗan Ɓauna, ana cewa ya sami gashinsa na tara.

Akwai wata tsohuwar kififiya a tafkin, kowa Gwaggo yake ce mata. Ladingo ta same ta tana shan hantsi a kan dutse.

"Gwaggo, me muka yi musu?"

"Ba abin da kuka yi. Sunanku ne a jikin kuka."

"Wa ya sa shi?"

"Majalisa, tun kafin a haifi kakar kakarki."

"To wanda ya sa ai zai iya cirewa. Ki kai ni."

Gwaggo Kififiya ta dube ta, ta ga ko tsawon farcenta ba ta kai ba. "Ke 'yar nan, kuka tana tudu, ke kuwa in kin bar ruwa kin mutu. Ki yi haƙuri kwana kaɗan ki zama kwaɗo, ba mai sake taɓa ki."

"Waɗanda za a ƙyanƙyashe baɗi fa?"

Gwaggo ta mayar da kai cikin ƙoƙo. Washegari Ladingo ta dawo ta sake tambaya, jibi ma haka. Rana ta huɗu Gwaggo ta janyo wata sakaina da ruwa ya kawo, ta liƙa ta a bayanta da taɓo, ta nutse har sakainar ta cika, ta ce, "Shiga. Amma ba na gudu, kada ki ce mini in yi sauri."

Suka tashi da sassafe, sai da rana ta take suka isa. Ruwan sakaina ya yi zafi, rabinsa ya zube a hanya. Majalisa tana tsakar muhawara a kan wanda ya kamata ya zauna a ɓangaren inuwa. Da aka gama, Gwaggo ta matsa gaba ta ce tana da mai ƙara. Manya suka leƙa cikin sakaina, wasu suka ja da baya, don ba su taɓa ganin abokin gaba kurkusa haka ba tare da an yi musu kirari ba.

Ladingo ta ɗago kai saman ruwa ta ce:

"Ranku ya daɗe. Sunana Ladingo, daga Tafkin Marke. Kwanana goma sha tara a duniya. Ba ni da farce, ba ni da ƙaho, ba ni da dafi. Abincina gansakuka. In na yi karo da ƙafar wani, ni ce ke jin ciwo. Ran wasa an take 'yar'uwata Tasalla tana cin abinci, an take waɗansu da ban san adadinsu ba. Na zo in ji laifin da muka yi. In akwai, a faɗa mini in koma in gaya wa 'yan'uwana su daina. In babu, a goge sunanmu."

Ɓauna ya dubi Dila. Dila ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, magana ce mai daɗi, kowa ya ji ta. Abin takaici, majalisa ba ta ji ta ba. Doka ta ce mai ƙara ya tsaya da ƙafafunsa ya faɗi ƙararsa. Wannan baiwar Allah ba ta tsaya ba, kuma bisa abin da nake gani ba ta da abin tsayuwa. Ba mu kore ta ba. Ƙofarmu a buɗe take duk ranar da ta cika sharaɗi."

A hanyar komawa Gwaggo ta ce, "Kin dai ji."

Ladingo ta ce, "Na ji. Ƙafa suke so, ƙafa kuwa tana tafe."

Bayan kwana goma sha biyu ƙafafun baya suka fito mata, sirara kamar zaren gizo. Ta yini tana gwada su a jikin dutse. Ran zaman majalisa suka sake kama hanya. Da suka isa, Ladingo ta dafa gefen sakaina da haɓarta, ta kafa ƙafafun nan biyu a ƙasan sakainar, ta miƙe tana rawar jiki, ta maimaita ƙararta kalma bayan kalma. Dila ya zagaya sakainar sau biyu, ya leƙa ta ƙasa, ya ga lalle a tsaye take. Aka karɓi ƙara.

Zalɓe ya nemi izini, ya fito tsakiya yana taku ɗai-ɗai.

"Ranka ya daɗe, manyan majalisa. Shekara goma sha ɗaya ina alƙalancin wasan nan, kuma ba alfahari ba, babu wanda talibambam ya shiga jikinsa kamar ni. Ta ce ba su taɓa cutar da kowa ba. Gaskiya ne, kuma wannan ne abin tsoron. Maciji mun san makaminsa. Kunama mun san nata. Amma wanda har yau ba a gano makaminsa ba, wa ya san ranar da zai fito da shi? Ku dubi yawansu. Ku dubi yadda suke taruwa wuri ɗaya, kai da kai, ba a jin abin da suke faɗa. Sannan kowace shekara, kafin damina ta ƙare, sai a neme su a rasa. Ina suke zuwa? Wa suke kai wa labari?"

Gwaggo ta ce, "Kwaɗi suke zama."

Dila ya ce, "Gwaggo, ke abin hawa ce a zaman nan, ba shaida ba."

Zalɓe ya ci gaba. "Tun da aka mayar da wasa tafki, ko saurayi ɗaya bai mutu a fagen fama ba. Wane zamani ne aka taɓa samun jarumai da yawa haka? In aka cire abokin gaba, da me za mu tarbiyyantar da 'ya'yanmu?"

Iyaye suka yi ta gyaɗa kai. Ɓauna, don a ga ya yi adalci, ya ce a yi gwaji a gaban kowa. Aka kira Gando, saurayi mai faɗin ƙirji, gashin zabo tara suna kaɗawa a tsakanin ƙahoninsa. Aka ce ya sa hancinsa cikin sakaina a ga abin da abokiyar gaba za ta yi masa. Gando bai taɓa fuskantar talibambam da wani abu ba kofato ba. Ya runtse ido ya sa hanci. Ladingo ta gane warin taɓon da ke jikinsa, ta tsaya cik a gefe ba ta motsa ba. Bayan ɗan lokaci ya ɗago.

Ɓauna ya ce, "Me ka ji?"

"Ban ji komai ba, Baba. Ruwan dai da ɗumi."

Zalɓe ya ce, "Kun gani? Ta san ana kallonta."

Aka ɗage zaman don a huta. Ɓauna ya matso kusa da sakaina, ya rage murya yadda sauran ba za su ji ba.

"Yarinya, bari in gaya miki abin da ba za a faɗa a fili ba. Gashi uku ne a kaina, duk a tafkinku na same su. Da su aka zaɓe ni. Duk wanda kika gani zaune a inuwar nan haka ya samu nasa. In ku ba abokan gaba ba ne, to me muka yi a tafkin nan?"

Ladingo ta ce, "Ranka ya daɗe, kai ka san abin da ka yi. Ni ban zo karɓar gashin kowa ba. Suna na zo a goge."

Ɓauna ya koma mazauninsa. Da aka dawo, Dila ya sanar cewa maganar tana da zurfi, ta shafi martabar gashin da aka riga aka bayar, don haka za a yi nazari a yanke hukunci bayan kwana ashirin.

Cikin kwana ashirin ɗin nan ƙafafun gaba suka fito wa Ladingo, bakinta ya buɗe, wutsiyarta ta yi ta guntulewa har ta ɓace. Ran hukunci ta ce wa Gwaggo yau ba sai an ɗauke ta ba. Ta tafi da tsalle, Gwaggo na biye a baya. Ta isa gindin kuka ta tsaya da ƙafa huɗu ta yi gaisuwa.

Dila ya ce, "Wace ce ke?"

"Ladingo ce, mai ƙara."

"Ikon Allah. Ladingon da muka sani talibambam ce, mai wutsiya. Ke kuwa kwaɗo nake gani." Ya juya ga majalisa. "Ranka ya daɗe, na duba jikin kuka sama da ƙasa, babu sunan kwaɗo a cikin abokan gaba. Kwaɗo ɗan daji ne mai cikakken 'yanci, muna ma taya ta murna. Amma wanda abu bai shafa ba, ba ya ƙara a kansa. In akwai talibambam da ke da kuka, ya zo da kansa."

Ladingo ta ce, "In ya zo za ku ce ba shi da ƙafa."

"Sai ya jira ta fito."

"In ta fito za ku ce ba talibambam ba ne."

Dila ya ce, "Kin fahimci doka sosai. Da a ce kina da gashi, da mun ba ki wurin zama."

Ladingo ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta tsaya ta dubi sunan nan a jikin kuka har ta haddace siffarsa, sannan ta juya.

Da yammacin ranar, bayan an ɗauke ruwa, ta tara kwaɗin tafki ta ba su labari. Wani tsohon kwaɗo mai faɗin baki, Kawu Jatau, wanda shi ke ba da waƙa in ana amshi, ya saurara har ta gama.

"'Yata, kin yi ƙoƙari. Amma duk nan babu wanda ba a tattaka ba. Ni kaina ga tabon kofato a bayana. Mun jure, ga mu mun girma. Wasan nan shi ke fitar da masu ƙarfi daga cikinmu. Yanzu ke ma kin tsallake, ki ci ƙwari ki yi ƙiba, ki bar wa na baya su sha nasu."

"Kawu, ku nawa aka ƙyanƙyashe tare?"

"Wa ya ƙirga? Da yawa."

"Nawa suka rage?"

Kawu Jatau ya kumbura maƙogwaro ya saki. "Ni ne."

"Ka tuna sunan ko ɗaya daga cikinsu?"

Ya juya ya ta da waƙa, maza suka amsa, taro ya watse.

Ladingo ta bar maza, ta koma bin mata ɗaya bayan ɗaya, a ƙarƙashin ganye, a bakin rami, tana tambayar kowace abu ɗaya: in da akwai wurin da kofato ba ya zuwa, za ki zuba ƙwanki a can? Kowace takan ce, ina wurin yake? Ladingo ta san wuri ɗaya tak a dajin da samari masu gashi ba sa zuwa wasa.

Gwaggo da ta ji niyyarta ta ce, "Can kam ba zan raka ki ba. Ƙoƙona yana da tauri, amma bai kai haka ba."

Ladingo ta tafi ita kaɗai, kwana biyu tana tsalle. Ta isa mashigi da rana tsaka, ta tarar da Kada kwance a kan yashi, baki buɗe. Haƙorinsa ɗaya ya fi ta girma. A bayansa akwai wani lungu na ruwa mai kainuwa, kwance lumui, kifi ba ya shiga saboda maƙwabcin.

"Salamu alaikum, Baba Kada."

Ido ɗaya ya buɗe, ya yi ta neman mai magana har ya same ta. "Kin san wanda kike yi wa sallama?"

"Na sani."

"Ba kya tsoro?"

"Ina ji ƙwarai. Ka dubi ƙafafuna."

Ta faɗa masa abin da ya kawo ta, tun daga Tasalla har hukuncin Dila. Kada ya yi wani sauti a maƙogwaro wanda ta ɗauka dariya ce.

"Ashe ku ne kuka gaje ni. Na daɗe ina mamakin abin da ya hana su zuwa. Da can sukan zo da yawa, da hayaniya, su hana ni sakat. Yanzu ɗai-ɗai suke zuwa shan ruwa, kai cike da gashi, ido a rufe. Ban taɓa ƙoshi kamar zamanin nan ba." Ya lumshe idon. "Lungun nan ba ya yi mini amfani. Dubu daga cikinku ba za su cika mini ramin haƙori ba. Ku zauna. Amma ban da waƙa lokacin da nake ƙailula."

Rani ya zo, kwaɗi suka nutse cikin taɓo suka yi barcinsu. Ran da ruwan farko ya sauka, Ladingo ce ta fara fitowa. Ta bi ramuka tana ta da mata. Waɗansu suka ce sun fasa, ta zauna a bakin raminsu tana kiran sunayen 'ya'yansu na bara har suka fito. Suka kama hanyar mashigi a jere cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Maza suka kwana biyu suna waƙa a tafki ba mai amsa musu. Rana ta uku suka biyo baya, Kawu Jatau a gaba, yana cewa dama ya daɗe da wannan tunani.

Ran wasa ta zo. Samari suka jeru a bakin Tafkin Marke, aka yi kirari, suka afka. Suka tattaka ruwa har ya zama kunu, ba su taka komai ba sai taɓo da ƙafafun juna. Zalɓe, wanda tun farkon damina yake ramewa, ya tashi sama ya yi shawagi, ya dawo yana haki.

"Ranka ya daɗe, abokan gaba sun koma mashigi! Na gan su baƙi ƙirin a wani lungu. Ban sauka ba saboda alƙali ba ya shiga fili kafin 'yan wasa. Doka kuwa ta ce a bi abokin gaba duk inda yake. Ko ba haka ba, magatakarda?"

Dila ya so ya yi shiru, amma duk daji ya san dokar, cikin kirari ma ana faɗinta. Ya ce haka ne. Samari suka yi sowa, don ba wanda ya taɓa gaya musu abin da ke mashigi ban da ruwan sha. Ɓauna ya san abin da ke can. Ya dubi taron, ya dubi gashin da ke kan ɗansa, bai sami bakin hanawa ba.

Suka isa da hantsi. Ruwa kwance, kainuwa shimfiɗe, wani tsohon gungume yana yawo a bakin lungun. Tsofaffi suka tsaya nesa. Gando, da yake shi ne mai gashi tara, shi ke da farko. Ya shiga ruwa har gwiwa, yana duban ƙasa yana neman baƙaƙen abubuwa masu motsi.

Ladingo tana kan wani dutse a tsakiyar lungun, 'ya'yanta suna iyo a ƙarƙashinta. Ta ga kofaton, ta gane shi. Ta kuma ga gungumen ya juyo, yana tahowa ba tare da ya ta da ko ƙwayar ruwa ba. Da ta yi shiru, ba wanda zai ce ta yi wani abu. Ta cika maƙogwaronta da iska.

"Gando, fita! Wannan ba gungume ba ne!"

Gando ya ɗago kai yana neman wanda ya isa ya ba shi umarni a fagen fama. Ɓauna ya kwarma ihu daga tudu, "Fito, ɗan nan!" Gando ya yi tsalle da baya. Ruwa ya tsage, haƙora suka haɗu daidai inda kansa yake ɗazu, ƙarar ta kai har duwatsu. Ya faɗo kan yashi yana birgima, jini na zuba daga kunnensa, gashin zabo tara suna yawo a kan ruwa.

Kada ya tofar da gashi ɗaya, ya juyo da ido kan Ladingo. "Abincina ne kika kora."

"Na sani, Baba. Ban kawo su don ka ci ba."

Ba ta sauka daga dutsen ba. Daga bisani Kada ya ce, "Sau ɗaya na yafe miki," ya nutse.

Majalisa ta zauna nan take, a wani tudu mai nisan gaske da ruwa. Dila ya tambayi wa ke bi. Wani uba ya ce ɗansa ya gurɗe a tafki. Wata uwa ta ce nata bai karya kumallo ba. Waɗanda ɗazu suke ture juna don shiga gaba, yanzu kowa yana girmama na kusa da shi. Suna cikin haka Ladingo ta iso da tsalle ta tsaya a tsakiya.

"Ranku ya daɗe, ƙarata tana nan."

Dila ya fara, "Kamar yadda aka bayyana bara, kwaɗo ba shi da..."

Ɓauna ya ce, "Magatakarda, zauna." Yana lasar kunnen ɗansa, bai ɗago ba. "Muddin sunan nan yana jikin kuka, doka ta ce mu biyo su nan kowace damina. Ka samo mana hanya, yanzu."

Dila bai taɓa rasa hanya ba in an nuna masa inda ake son fita. Nan take ya miƙe.

"Manyan majalisa, jama'ar daji, albishirinku. Bayan shekaru ana gwabzawa, yau abokin gaba ya gudu ya bar Tafkin Marke gaba ɗaya. Wannan nasara ce da kakanninmu ba su gani ba, kuma jarumanmu ne suka kawo ta. Duk gashin da aka bayar ya tabbata, har ma ya ƙara daraja. Da yake an gama da wannan abokin gaba, babu sauran dalilin barin sunansa a jikin kuka."

Aka yi guɗa. Ladingo ta buɗe baki za ta ce ba gudu suka yi ba, sai ta ga Gwaggo Kififiya, wadda ta taso tun kwana uku da suka wuce kuma yanzu ta iso, tana girgiza mata kai. Ta haɗiye maganar ta ce, "Ina so in gani da idona."

Aka ɗunguma zuwa gindin kuka. Dila ya ce farcensa ya gaji, a bari sai gobe. Ladingo ta zauna a kan saiwa ta ce za ta jira. Ya ce zai yi rabi yau. Ta ce za ta jira. Ya kankare sunan yana tsaki, har wurin ya zama fari fat, ruwan itace na tsattsafowa. Ta hau ta shafa da ƙafarta ta tabbatar babu sauran alama.

Kafin ta tafi ta ce wa Ɓauna, "Ranka ya daɗe, saura magana ɗaya. 'Ya'yanku ba su san gungume daga Kada ba. A sami mai koya musu."

Ɓauna ya ce magana ce mai muhimmanci, kuma za a sa ta a gaba a zama mai zuwa. Gando kaɗai ya biyo ta har bakin hanya, kunne a naɗe da ganye, ya tsaya yana tona ƙasa da kofato.

"Ta yaya kika gane?"

"Gungume yana bin ruwa. Shi kuwa yana tahowa ruwa na tafiya."

Ya maimaita maganar sau biyu a hankali, ya juya.

A daminar nan talibambam suka yi yawa a lungun mashigi har kainuwa tana motsi da kanta. Zalɓe ya kai kuka majalisa cewa samari suna zaman banza, tarbiyya tana lalacewa, ga gashin zabo an tara ba wanda za a soka wa. Majalisa ta ce za ta duba.

Bayan kwana uku, da hantsi, aka ga Dila ya tsayar da Dodon Koɗi a hanya. Ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya tambaye shi ko "Dodo" ɗin nan da ke cikin sunansa na gado ne.